Ba Ta Ce a Zo da Fartanya Ba

Shekara ashirin da shida ke nan Malam Sanda bai kira sunan 'yarsa ta fari ba. Ba ƙiyayya ba ce, haka ya tarar a gidansu. Shi ma mahaifinsa har ya koma ga Allah bai taɓa ce masa "Sanda" ba, sai dai "kai". Asalinsu Fulani ne da suka daɗe da zama a ƙasar Malumfashi, Fulatanci ya tafi, shanu sun tafi, kunyar ɗan fari ce kaɗai ta ƙi tafiya. In yana son magana da Amatullahi sai ya dubi bango ya ce wa uwarta, "Hajjo, gaya wa yarinyar nan ta rage ƙarar rediyo," alhali yarinyar nan tana zaune kusa da ƙafarsa. Ita kuwa Hajjo, 'yar cikin gari ce, tun Amatullahi na goye ta yar da tata kunyar, ta ce ba za ta iya wannan wahala ba.

Amatullahi ta karanta awon ƙasa a Zariya, yanzu kuma wani kamfanin masu zana taswira a Ibadan ya ɗauke ta aiki. An ce ta je ranar Litinin, motar da za ta kai ta za ta tashi daga Funtua ranar Juma'a da safe. Ta rantse ba za ta taka ko ƙofar gida ba sai da yardar ubanta. Shi kuwa uban, mako uku cur bai ce e ba, bai ce a'a ba. A makon farko a'a ce a ransa. A na biyu ya yi ta bincike a ɓoye, ya ji akwai ƙanwar Hajjo a can da za ta zauna wurinta. A na uku ya yarda sarai, sai dai bakin da zai faɗa ne babu. Ya za a yi ya dubi bango ya ce, "Gaya wa yarinyar nan ta tafi"? Sai ka ce kora.

Ita ce ta samo mafita, kuma mafitar ta ɓata masa rai fiye da matsalar.

Akwai wani wasa da ta koyo a makaranta, ita da abokan karatunta. Mutum zai ɓoye ɗan mazubi da takarda a ciki a wani wuri, ya sa lambobin wurin a waya. Mai nema sai ya bi kibiyar da wayar ke nuna masa har ya gano abin, ya rubuta sunansa a takardar, ya mayar yadda ya same shi. Shi ke nan wasan, ba kyauta, ba riba. Su suna ce masa jiyokashin. Malam Sanda, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana malamin gona kafin ya yi ritaya, yana ce masa farautar gwangwani, kuma ya sha faɗa a gaban bango cewa aikin marasa aikin yi ne.

Ranar Laraba Hajjo ta ajiye masa wayar Amatullahi da wata takarda a kan tabarma.

"Malam, ta ce ta ɓoye abu a tsohuwar gonarku ta Dayi. In ka yarda ta tafi, ka rubuta sunanka a ciki. Gobe bayan la'asar za ta je ta duba. In ta ga suna, ta haɗa kaya. In ba ta gani ba, ta haƙura da aikin, kuma ba za ta sake tayar da maganar ba."

"Ni za a tura farautar gwangwani?"

"To ka kira ta ka gaya mata da bakinka. Tana ɗaki."

Ya ɗauki takardar.

Jerin kayan da zai riƙa ne, da rubutunta mai kyau: gorar ruwa, fawa bank na cajin waya, ɗan ƙaramin madubi, hantsaki, safar hannu, biro guda biyu, tabarau. Ya karanta yana tsaki bayan kowane layi. Madubi, kwalliya zai je yi? Hantsaki, ƙaya zai cire wa wa? Safar hannu ga mutumin da hannunsa ya riƙe fartanya tun kafin a haifi uwarta? Abin da ya fi ci masa rai shi ne na ƙarshe. Tabarau dai a ɗaki yake sa shi, da ƙofa a rufe, kuma a saninsa ba wanda ya san idon nasa ya fara gajiya.

Da safiyar Alhamis Hajjo ta haɗa masa kayan duka a leda ta rataye a hannun babur. Ya sauke ledar ya rataye ta a ƙusar zaure. Shi ya san gona. Abin da aka ɓoye a gona a ƙasa yake, haka aka yi tun kaka da kakanni, ko iri ne ko tukunyar kuɗi. Saboda haka ya ɗaure fartanya da adda a bayan babur, ya sauya riga ya sa tsohuwar taguwarsa ta aiki, ya cusa takardar da wayar a aljihu. Shirinsa shi ne ya isa da hantsi, ya tone, ya sa hannu, ya dawo gida kafin azahar, ba tare da sun haɗa ido da kowa ba. Girman kai dai rawanin tsiya ne, amma ranar nan ya naɗa shi har da kunnuwa.

Ya bar titi a Dayi ya bi 'yar hanyar da ta ratsa gonaki. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo, waken soya ya fara ja. A bakin gona ya kafe babur ya buɗe wayar yadda Hajjo ta nuna masa. Ga kibiya, ga lamba a ƙasanta, sai da ya miƙar da hannu can nesa ya ƙanƙance ido kafin ya gane mita ɗari biyu da goma ce. Ya ji daɗi. Wannan ai ba komai ba ne.

Kibiyar ba ta san hanya ba, miƙe kawai take nunawa. Ta tura shi cikin dawa, ganye na yankar masa wuya, ta fito da shi a kwari inda ruwa ya kwanta, takalminsa ɗaya ya maƙale a taɓo. Mita sittin, mita talatin, mita goma sha biyu. Ya fito fili kusa da tsohuwar tsamiyar da ke kan iyakar gonarsu da ta Rabe, ɗan gwaggonsa. Mita biyar. Ya taka gaba, ta ce bakwai. Ya dawo, ta ce huɗu, kibiyar kuma ta juya gabas. Ya yi gabas, ta juya yamma. Ya tsaya cik, ita ba ta tsaya ba, tana ta juyi kamar kazar da aka sare wa kai.

"Ke dai ba ki da tarbiyya," ya ce wa wayar.

Inda ta ce mita uku, nan ya fara haƙa. Ƙasar da laushi, aiki ya yi sauri, ya kai kamu biyu bai ga komai ba sai tana. Ya matsa ya haƙa na biyu. A rami na huɗu fartanya ta bugi wani abu da ƙara, cikin murna ya durƙusa ya tona da hannu, sai ga tsohon gindin tukunya. Rana ta take. Maƙogwaronsa ya bushe, rijiyar da ya dogara da ita kuwa, da ya leƙa, ta rufta tun bara, ba wanda ya gaya masa. Ya koma ya duba wayar don ya sake gwada kibiyar, ta yi wani ɗan kuka ta yi duhu. Kwana biyu ba a kawo wuta a unguwarsu ba, abin da ya sa aka rubuta masa fawa bank ke nan, yanzu ya gane.

Ya yi taimama ya yi azahar a gindin tsamiya, ransa a jagule. A sujada ma lissafi yake yi: in yarinyar nan ta zo ta buɗe takarda ta ga babu suna, ba za ta tambayi kowa ba. Ya san halinta, nasa ne. Za ta koma gida ta kwance jakarta shiru, ta zauna, ta ɗauka ubanta ya ƙi. Shi kuma ba zai iya cewa ya zo ya kasa ba. Haushin kansa ya kama shi, ya huce a kan ƙasa. Rami na biyar, na shida. Na bakwai ya faɗa kan layin gambar da ta raba gonakin biyu, ya tumɓuke gindi guda ya jefar gefe.

"Sanda! Mi nike gani haka?"

Rabe ne, ya fito daga cikin masararsa da buta a hannu. Taubasai ne, tun suna yara ba sa haɗuwa sai da tsiya, amma yau babu wasa a fuskarsa. Gambar nan iyayensu suka dasa ranar da aka raba gado, kuma a ƙasar nan wanda ya taɓa gambar iyaka ya san abin da ya taɓa.

"In ƙari kake so a gonarka, ai sai ka zo gida ka faɗa mini," in ji Rabe. "Ba ka biyo rana tsaka ka tuge shaidar da tsofaffi suka kafa ba. Shekara arba'in ba mu taɓa sa-in-sa a kan ƙasa ba."

"Wace ƙasa? Ni ina ruwana da ƙasarka?"

"To kabarin wa kake gina har guda bakwai?"

Babu yadda zai yi. Da ya bari maganar iyaka ta kai gaban mai unguwa, gara ya sha dariya. Ya karɓi butar Rabe ya kusa shanye ta, sannan ya ba shi labari, yana kallon gefe, yana cewa "yarinyar nan" a duk inda suna ya kamata ya fito. Rabe ya saurara har ƙarshe. Fuskarsa ta saki a hankali, sai kafaɗunsa suka fara girgiza, har ya zauna a kan tulin ƙasar rami na shida yana share hawaye.

"Malamin gona guda. Mu ga takardar."

Rabe bai wuce aji huɗu a firamare ba, amma idonsa garau. Ya bi jerin da yatsa yana haɗa baƙi, ya kai ƙarshe, ya ɗaga kai.

"Ni dai ban ga inda ta ce a zo da fartanya ba."

"Ba ni takardata."

"Tsaya, akwai rubutu a baya."

Malam Sanda bai taɓa juya takardar ba. Rabe ya karanta a hankali, yana jin daɗin kowace kalma: "Ba a binnewa a wasan nan, kada a haƙa ko'ina. In kibiya ta fara juyi an iso, sai a ajiye waya a yi aiki da ido. A duba inda Baba yake rataye gorarsa."

Malam Sanda ya ɗaga kai ya dubi tsamiyar. Can sama da kansa kaɗan akwai guntun reshe da ya karye tun da daɗewa, a bayansa kuma akwai kogo. Nan yake rataye gorar ruwa in ya zo noma, shekarun da ake aiko wata 'yar ƙaramar yarinya da kwanon fura daga gidan gwaggo, ta ajiye a gindin itacen ta koma gefe ta zauna, ba ta ce masa komai, shi ma ba ya ce mata. Ashe kallonsa take yi. Abin ya taɓa shi, kuma da yake bai san yadda zai yi da abin da ya taɓa shi ba, sai ya ƙara hasala.

Ya yi ɗage ya zura hannu cikin kogon. Bai taɓo komai ba sai gidan cinnaku, su kuwa suka yi masa maraba. Ya fizge hannun yana yarfewa, yana salati.

"Safar hannu," in ji Rabe, yana duba takarda. "Ga ta nan ta biyar."

"Rabe, ka kiyaye ni."

Kogon ya yi lungu biyu, kuma daga ƙasa ba a ganin cikinsa. Nan amfanin madubi ya fito. Sai da Malam Sanda ya koma har bakin gona, ta cikin taɓon nan dai, ya kwance madubin babur ya dawo da shi. Ya ɗaga shi sama ya karkata, bai ga komai ba sai hazo-hazo. Ya goge madubin da taguwa, hazon bai tafi ba, don ba a madubin yake ba. Sai ya miƙa wa Rabe. Rabe ya duba sau ɗaya ya ce ga shi can a lungun hagu, an ɗaure da zare.

Da aka fito da shi, ko gwangwanin ma ba ne. 'Yar robar magani ce da ba ta fi babban yatsa ba, takardar kuma an naɗe ta siririya an zura ciki. Malam Sanda ya girgiza, ta ƙi fita. Ya sa ɗan yatsa, bai shiga ba. Ya buga a tafin hannu, ya hura, ya yi tsaki. Rabe ya buɗe baki zai karanta abu na huɗu a jerin, ya ga idon taubashinsa, ya fasa, ya je ya karyo ƙayar aduwa guda biyu. Da su aka yi ta lallaɓa takardar har ta fito, gefenta ya ɗan yage. Inuwar tsamiya ta riga ta miƙe gabas, daga Dayi kuma ana jiyo kiran la'asar sama-sama.

Malam Sanda ya kai hannu aljihun ƙirji, inda biro ke zama shekara talatin da biyar. Aljihun taguwar aiki ne. Biron yana can Malumfashi a jikin farar riga.

Ya zauna a ƙasa daɓas. Bai yi faɗa ba, bai yi tsaki ba, ƙarfin yin hakan ma ya ƙare. Ga takarda a hannu, ga yarda a zuci, abin da zai haɗa su ne babu.

"Kana da biro?" ya tambaya, ba don yana sa rai ba.

"Ni da na zo gasa masara? Sai dai ka dangwala mata yatsa, kamar ranar zaɓe."

"Ta ina za ta san yatsana ne?"

Rabe ya dube shi, ya ga abin ya wuce wasa. Ya tashi ya ɗauko gindin gambar da aka tumɓuke, ya zaɓi kara mai ƙwari, ya feƙe shi da wuƙa yadda suke yi a makarantar allo suna yara. Ya je inda ya gasa masara ya ɗebo gawayi, ya niƙa a kan fasasshen gindin tukunyar nan na rami na huɗu, ya ɗiga sauran ruwan buta. Tawada ta samu, ko da ba ta malamai ba ce. Suka yi la'asar a gaggauce, sannan Rabe ya shimfiɗa 'yar takardar a kan madubin babur ya danne gefenta da yatsa.

"Akwai rubutu a sama. Ta ce, wanda ya samu ya rubuta sunansa, da sunan wanda ya turo shi."

"Ƙarya kake."

"Wallahi ga shi. Bugawa ma aka yi da inji, halan haka take sa wa duk robobinta. Gurbi biyu ne."

Malam Sanda ya tsoma alƙalamin gamba ya rubuta nasa sunan da manyan baƙaƙe, yana lalube, tawadar na bajewa. Ya tsaya a gurbi na biyu. Zai iya barinsa haka, ba wanda zai kama shi. Amma mutum ne da a duk shekarun aikinsa bai taɓa mayar da fom da gurbi a buɗe ba, ya sha korar manoma su koma su cike. Kuma gurbin nan, da ya dube shi, sai ya ga kamar ya daɗe a buɗe.

"Rubuta 'yarinyar nan' mana," in ji Rabe a hankali. "Ai za ta gane."

Bai kula shi ba. Ya sake tsoma alƙalami ya yi A, ya yi M. Sai hannun ya tsaya. Shi ya zaɓi sunan, shi ya raɗa mata shi a kunne ranar da ta cika kwana bakwai, amma bai taɓa rubuta shi ba, takardun makaranta duk Hajjo ce ke cikewa. Bai san ko lam ɗin, wato L, ɗaya ce ko biyu ba. Ga ido ba ya gani, ga wuri kaɗan, in ya ɓata babu gyara. Dole ya bi shi gaɓa-gaɓa kamar ɗan aji ɗaya, baki na gaba hannu na biye.

"A... ma... tul..." Ya tsaya ya sake tsomawa. "Amatul... lahi. Amatullahi."

"Na'am, Baba."

Alƙalamin ya faɗi daga hannunsa. Tana tsaye a bakin dawa, bayan ramukan nan bakwai, gefen zanenta duk taɓo, a hannunta kuma ga ledar da ya bari a ƙusar zaure. Tun da ta ga ledar da rana hankalinta bai kwanta ba, shi ya sa ba ta jira an idar da la'asar a gida ba, ta hau acaɓa. Ta amsa ne kafin ta yi tunani, yanzu kuma ta sunkuyar da kai, hawaye na sauka a kan ledar.

Malam Sanda ya nemi bango bai samu ba. Ya dubi tsamiya, ya dubi Rabe, Rabe kuwa ya juya baya yana mayar da gindin gamba cikin raminsa yana taka ƙasa da ƙafa, kamar ba shi a wurin. Babu Hajjo, babu wanda za a ce wa ya gaya mata.

Ya ɗauki madubin da takardar ke kai ya miƙa mata da hannunsa da cinnaku suka kumbura.

"Duba ki gani," ya ce. "Lam ɗin biyu ce?"

Ta matso ta durƙusa ta duba. Ta gyaɗa kai.

"To ba ni tabarau ɗin nan in ƙarasa. Da safe ni zan kai ki Funtua."